Farin Kambas na Ɗan Damaso

Duk wanda ya taso a Janko Kala a zamanin da hanyar birnin Oruro ba ta ga kwalta ba, ya taka ƙasa da aikin hannun Damaso Tarqui. Rumfarsa tana jikin katangar coci ta wajen gabas, inda rana ke fara sauka da safe. Ba wata rumfa ba ce ta a zo a gani: fallen kwano mai tsatsa, kututturen itace, da tarin tsofaffin tayoyin manyan motocin da ke jigilar ma'adinai. A nan yake yanka taya ya mai da ita takalmi. Ya yi wa makiyaya, ya yi wa matan da ke kai dankali kasuwa, ya yi wa 'yan makarantar mishan tun lokacin da tsohon fada, limamin cocin, yake duba mana farce da bayan kunne kowace safiya kafin mu shiga aji. Shi ma Damaso ya ɗan zauna a wannan aji, har ya iya rubuta sunansa da kyakkyawan rubutu mai karkata. Sai ubansa ya mutu a ramin ma'adinai, aka cire shi daga makaranta aka kai shi wurin wani kawunsa mai yankan taya, kuma daga nan bai sake wata sana'a ba.

Yadda yake aikinsa bai taɓa canzawa ba. Kowa ya zo, sai ya sa shi ya taka kwali, ya zagaye ƙafar da guntun fensir, ya yanke zanen da almakashi, ya ɗora a kan taya ya bi shi da wuƙa. Ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. Takalmin taya ba shi da ciki da waje. Abin da ya taɓa ƙasa shi ne abin da ƙafa za ta hau, yatsu kuwa suna sarari, su baje yadda suka ga dama. Shi ya sa ƙafafun mutanenmu suke da faɗi ta gaba kamar shebur, da kaushin da ƙaya ba ta huda shi. Idan Damaso ya yi maka takalmi, sai dai ka gaji da shi ka ba ƙanenka, amma ba dai ya ƙare ba. Wannan shi ne abin alfaharinsa, kuma shi ne iyakar abin da ya sani game da takalmi mai kyau: wanda ba ya ƙarewa.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai duk tsawon rayuwarsa. Ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama gajarta, tun wata faɗuwa da ya yi daga kan jaki yana yaro. Da shekarunsa suka kai na zuwa bariki yin aikin soja, ya bi tsararrakinsa, likitan soja ya sa shi ya yi tafiya daga bango zuwa bango, ya ce ya koma gida. A wurinmu kuwa namijin da bai yi bariki ba, ko ya yi furfura, bai gama zama namiji ba. Ba wanda zai zage shi, amma a taron gari a gefe yake zama, kuma idan hira ta juya kan sanyin gadi da muguntar kofur-kofur, sai ya zuba ido yana tauna ganyen koka, wanda mutanenmu ke ci kamar goro.

Shi da matarsa Asunta sun haifi 'ya'ya da dama. 'Yan matan sun yi aure sun tafi birni, ƙyanda ta ɗauke namiji ɗaya, aka bar su da ɗan auta, Limber. Yaron siriri ne, ba shi da yawan magana, amma gudu kam sai dai a ce Allah ne ya ba shi. Tumaki ba su taɓa tsere masa ba. A bikin waliyyin gari, da ake tsere daga gada zuwa ƙofar coci, sai ya iso ya sha ruwa ya zauna kafin a hango na biyu. Da ya gama sakandare, ya ce shi makarantar horar da sajan-sajan yake so, wadda ke can cikin kwari. A can ana ciyar da mutum, a tufatar da shi, ya fito da igiya a hannu da albashi, ya tsufa da fansho. A ranar Asunta ta ga Damaso yana wasa wuƙa yana murmushi shi kaɗai.

Shekarar farko ciwon ƙirji ya kwantar da Damaso, yaron ya zauna ya riƙe gida. Shekara ta biyu ƙanƙara ta kashe dankali, ba a sami ko kuɗin mota ba. Yanzu kuwa shekarunsa sun zo bakin iyaka: in bai shiga a wannan karo ba, ba za a sake karɓarsa ba. Abin da ya rage masa bayan haka kowa ya san shi, domin hanyar da samarin garin da yawa suka bi ke nan, wato ɗakunan ɗinki na birnin São Paulo, can ƙetaren iyaka, inda wani ɗan ƙanwar Asunta yake ta aiko da saƙo cewa akwai keken ɗinki da ba kowa a kansa. Waɗanda suka tafi can, wasu sun dawo da tari, wasu ba su dawo ba.

Wani saje ne ya zo kasuwa da lasifika ya faɗi abin da ake bukata. Kowane yaro ya zo da farar riga, baƙin gajeren wando, da kambas. Ranar farko gudu za a yi, wanda bai iso ba kafin a busa usur ya kama hanyar gida. Ya kuma ƙara da cewa mai takalmin taya da mai ƙafa tsirara ba za su ma taka filin ba. Mutane suka yi dariya suna waiwayar Damaso. Shi ma ya yi, don ba yadda zai yi.

Da yammacin ranar Zenon Huarachi ya shigo gidan. Shi ne ya riƙe Limber a wurin baftisma, saboda haka shi da Damaso kompadre suke kiran juna, kuma a wurinmu wannan zumunci ya kusa fin na jini nauyi. Zenon mutum ne ƙato mai babbar murya da babbar mota, yana sayen dankali a tudu ya kai gangare, ya dawo da lemo da shinkafa. Ya yi bariki a zamaninsa har ya sami igiyar kofur, kuma bai taɓa bari kowa ya manta ba. Ya zauna, ya karɓi kofin shayi, ya ce ya ji abin da saje ya faɗa, kuma shi ne zai zama uban takalmin yaron. Kada wanda ya sa hannu a aljihu.

"Kai dai ka kawo ido, kompadre," in ji shi. "Ni na san bariki, kai ka san ƙafa. In aka haɗa mu biyu, ai mun yi mutum ɗaya cikakke."

Asunta ta yi godiya har da hawaye. Irin wannan tayi ba a ƙinsa, kuma yana zuwa da ka'idojinsa. Wanda za a yi wa kyautar ba ya zuwa wurin saye, ba ya ganinta, ba ya taɓa ta, sai ranar da uban kyautar ya miƙa ta da hannunsa a gaban mutane bayan an yi mata ch'alla, an yayyafa barasa a ƙasa an roƙi albarka. Fadannin farko sun yaƙi wannan al'ada, na baya suka gaji suka riƙa kau da kai. Har yau ba wanda zai hau sabuwar mota ko ya kwana a sabon ɗaki ba a yi ba.

Washegari da sassafe, cikin sanyin da ke sa ƙafa ta ƙanƙance, Damaso ya sa Limber ya taka kwali. Ya zagaye ƙafar a hankali fiye da yadda ya taɓa yi wa kowa, ya yanke, ya saka a cikin rigarsa.

Ranar kasuwa Damaso da Zenon suka shiga Oruro su biyu. Layin masu takalma ya ba Damaso tsoro. Ga su nan tuli-tuli, sababbi a cikin kwali, na gwanjo a zube a kan leda, ja da shuɗi da masu ƙyalli. Shi da ya yi rayuwarsa duka a kan takalmi, sai ya ga bai san ko ɗaya ba. Suka tsaya wurin wata mata mai ƙiba da ke zaune cikin kayanta tana cin gasasshen wake. Zenon ya yi mata bayani da ƙarfi yadda duk layin zai ji, cewa ɗansa ne zai shiga soja, a fito da na gaske.

Matar ta tona cikin na gwanjo ta zaro wani ruwan toka, ta miƙa wa Damaso, ta ce irin wannan masu gudu suke nema. Ya karɓa, ya ji kamar bai riƙe komai ba. Samansa raga-raga ne, har yana hango yatsansa ta ciki. Ya lanƙwasa shi, ya lanƙwasu kamar ganye. Ya danna ƙasansa da babban yatsa, ya lotsa kamar burodi. Ya girgiza kai ya mayar mata. Wannan ko damina ɗaya ba zai kai ba, kuma ga shi wani ya riga ya sa. Zenon ma ya ce shi ba zai tsaya a gaban jama'a ya miƙa wa ɗansa kwancen wani bature ba.

Sai ta sauko da wani daga sama, sabo fil, fari tas, mai tsawon wuya da ya rufe idon sawu. Damaso ya juya shi ya dubi ƙasan. Kauri gare shi, da zane mai zurfi kamar na tayar babbar mota. Ya yi ƙoƙarin lanƙwasa shi da hannu biyu, ya ƙi. Ya ƙwanƙwasa shi a kan benci, ya ji ƙara mai daɗi. Ya bi ɗinkin da farce bai sami inda ya yi sako-sako ba. Zuciyarsa ta kwanta. Wannan takalmi ne da mutum zai shiga soja da shi ya fito da shi.

Ya zaro kwalin daga rigarsa, ya kifa takalmin, ya ɗora zanen ƙafar Limber a kan ƙasansa, kamar yadda yake ɗorawa a kan taya. Na farko ya yi girma, kwalin ya bar sarari ta gaba da ta gefe. Ya ce a kawo na ƙasa da shi. Aka kawo, ya ɗora, baki ya hau baki daidai, ba ƙari ba ragi.

Matar ta dube shi tana tauna. Ta ce, "Kawu, da dai ka kawo yaron ya gwada. Ko ka ɗauki babban, in ya so ya sa safa biyu."

Zenon ya kwashe da dariya. "Ke yarinya, kin san wa kike koya wa awo? Wannan mutumin tun ba a haifi uwarki ba yake auna ƙafa. Rabin mutanen da ke yawo a kasuwar nan shi ya ɗora su a kan hanya."

Ta ɗaga kafaɗa ta ce ita dai ba ta karɓar kaya in sun fita. Damaso ya ji wani ɗumi a ƙirjinsa. Shekara da shekaru suna tare, bai taɓa jin Zenon ya yabe shi a gaban baƙi ba. Ya ce a naɗe wannan ɗin. Aka yi ciniki, Zenon ya biya, ya tura kwalin takalmin bayan kujerar motarsa. Bayan kwana kaɗan ya loda dankali ya gangara ƙasar zafi, ya bar saƙo cewa zai dawo kafin tafiya, a shirya giya da nama.

Limber ya ci gaba da shiri da takalmin taya. Kullum kafin ya kora tumaki sai ya hau tudun makabarta da gudu ya sauko, ya zagaya ta bakin rafi. Damaso yana hango shi daga rumfa, ɗan ɗigo yana tafiya a jikin tudu ba ya tsayawa. Wata rana da rana yaron ya zo ya tsuguna kusa da kututturen, ya daɗe yana wasa da yankakkiyar taya, sannan ya ce ya haɗu da malamin wasanni na makaranta. Malamin ya ce ba a shiga tsere da sabon takalmi, sai an yi makonni ana gudu da shi, ƙafa ta san shi, shi ma ya san ƙafa. Limber ya ce ko za a iya karɓo kambas ɗin, ko da a ɓoye ne, ya riƙa sawa a bayan tudu inda ba mai gani, ya wanke ya mayar.

Damaso ya ajiye wuƙa. Maganar ta shige shi, domin ko takalmin taya yakan ci sabon mai shi a 'yan kwanakin farko. Ya sa hularsa ya ɗingisa zuwa gidan Zenon. Matar Zenon ta karɓe shi da mutunci, ta ba shi kujera, ta ce ai takalmin yana cikin mota, motar kuma tana can inda ko waya babu. Ta ƙara da cewa ko da yana cikin ɗakin nan, ita wace ce da za ta miƙa kyautar mijinta a bayan idonsa? Damaso ya ce haka ne, ya yi godiya, ya dawo.

A gida Asunta ma ba ta goyi bayansa ba. Ta ce wa ya taɓa jin an sa abin da ba a yi wa ch'alla ba, a kuma tafi da shi wurin da rabon mutum yake? Malamin wasanni ɗan birni ne, bai san komai ba sai ƙwallo. Damaso ya yi tunanin ya sayar da tunkiya ya koma Oruro ya sayo wani, ko da ruwan tokan nan ne, yaron ya riƙa gwaji da shi. Amma garin ƙarami ne. Kafin tunkiyar ta bar kasuwa labari zai kai cewa Damaso ya raina kyautar kompadrensa. Ya kwana biyu yana juya abin, bai yi ba. Kullum yana zuba ido a kan hanya, mota ta taso da ƙura ya miƙe, ta wuce ya zauna.

Zenon bai dawo ba sai ana gobe tafiya. Gada ce ta karye a gangare, in ji shi. Da la'asar aka taru a tsakar gidan Damaso, aka shimfiɗa barguna, aka kawo dafaffen dankali da naman tunkiya da akwatunan giya. Zenon ya yi jawabi mai tsawo a kan ƙasa da tuta da zamaninsa na kofur. Aka buɗe kwalin, mata suka yi ta yaba farinsa. Aka yayyafa barasa a kusurwoyin gida, aka ɗiga a kan takalmin, aka barbaɗa masa yankakkiyar takarda mai launi, aka barbaɗa a kan Limber. Sannan aka zaunar da shi a kujera, Zenon da kansa ya durƙusa da ƙyar saboda tumbi, ya sa masa.

Sai da aka yi dambe kafin ƙafar ta shiga. Wani ya ce ƙafar ce ba ta saba da arziki ba, aka yi dariya. Zenon ya ja igiya ya ɗaure tamau, ya ce soja ba ya tafiya da sako-sakon takalmi. Limber ya miƙe.

"Yaya ka ji shi, soja?"

"Ya yi, Baba Zenon. Na gode."

Aka yi tafi. Damaso bai yi ba. Ya ga yadda yaron ya tsaya, nauyinsa a kan dunduniya, kamar mai taka garwashi. Ya matsa kamar zai gyara masa igiya, ya danna gaban takalmin da yatsa. Babban yatsan yaron yana nan a tokare da bango, sauran a cure a kan juna. A nan ne ya gane abin da ya yi. Ya auna waje, alhali ƙafa a ciki za ta zauna, kuma kaurin nan da ya burge shi duk daga wurin ƙafar aka ɗebe shi. Ya ɗago, ga Zenon a kansa da kofi a hannu, fuska cike da farin ciki. Damaso ya karɓi kofin ya sha.

Da baƙi suka watse, ya yi abin da ya ga tsofaffi suna yi wa takalmin fata. Ya cika kambas ɗin da busasshen wake, ya zuba ruwa, don waken ya kumbura ya buɗa shi. Da gari ya waye waken ya kumbura, takalmin kuwa yana nan yadda yake, domin ba fata ba ce, roba ce aka yi wa kamar fata. Abin da ya ƙaru kawai shi ne danshi. Ya ɗauko wuƙa ya ce bari ya tsaga gefe kaɗan yatsu su sami wuri. Limber ya riƙe hannunsa. Ya ce in aka ga yagaggen takalmi a layi aka fitar da shi fa? Kuma ga Baba Zenon shi zai kai su, me za a ce masa? Ya ce ya bari, gudun ba nisa gare shi ba, shi da ya yi gudu a kan ƙaya da ƙanƙara. Kafin Damaso ya amsa, sai ga ƙarar motar a ƙofar gida.

Suka yini suna gangarawa. Damaso ya rataya takalmin a jikin taga don iska ta busar da shi, Zenon ya ce haka ne, a bari duniya ta gani. Tun suna rawar sanyi cikin barguna har suka kai inda ake cire riga. A garin kwarin akwai shagunan takalma a jere, Damaso ya bi su da ido har suka wuce. Suka kwana a gidan wani abokin cinikin Zenon. Da safe ƙafafun Limber, da ba su saba da zafi ba, sun ƙara cika.

Ba a barin iyaye su shiga bariki. Damaso da Zenon suka tsaya a bayan shingen waya tare da sauran jama'a, mata da ƙunshin abinci, maza da huluna a hannu. Daga nan ana ganin filin duka. Samari sun yi layi cikin farar riga, kuma ko daga nesa takalmin Limber ya fi na kowa haske. Zenon ya riƙa nuna shi ga na kusa da shi.

Aka sake su. A zagayen farko Limber ne a gaba, da tazara, har wani soja da ke gefen fili ya juya yana kallonsa. Zenon yana dukan waya yana kiran sunansa. Damaso bai kalli fuskar yaron ba, ƙafafunsa yake kallo. Ya yi shekaru yana zaune a bakin hanya yana ganin tafiyar mutane, ya san mai ƙaya a ƙafa da mai ciwon gwiwa tun daga nesa. Ya ga takun ya fara gajarta. Ya ga yaron ya koma taka gefen ƙafa. Ya ga kafaɗunsa sun ɗaga. Wani dogo ya wuce shi, sai wasu biyu, sai tari guda.

Can a ɗaya gefen filin Limber ya tsaya, ya durƙusa, ya fizge takalmin dama ya riƙe a hannu, ya ci gaba da gudu da safa. Nan take ya fara cim ma na gabansa. Wani kofur ya sha gabansa, ya nuna takalmin, ya nuna ƙofa. Daga bayan waya ba a jin abin da yake faɗa, amma ba sai an ji ba. Yaron ya zauna a ƙasa yana cusa ƙafar da ta riga ta kumbura, mutane suna wuce shi. Da ya zo ta gaban su Damaso a zagaye na gaba, farin ya yi ja ta wurin yatsu. Bai dubi wajen waya ba. Damaso ya sa yatsunsa cikin ramukan wayar ya riƙe. Yana da wuƙa a aljihu wadda za ta gyara abin nan cikin ƙiftawar ido, kuma tsakaninsa da ɗansa bai fi a jefa dutse ba.

Aka busa usur da sauran kusan rabin fili a gaban Limber. Bai tsaya ba, ya ƙarasa, amma an riga an ja igiya. Aka ware waɗanda suka makara gefe guda, aka nuna musu ƙofa.

Zenon ya gyara hula ya tafi wurin sajen da ke bakin ƙofa. Ya ƙame, ya faɗi sunan rundunarsa da shekarar da ya yi bariki, ya ce yaron nan duk lardinsu ba mai kama shi, a sake gwada shi ko da gobe ne. Sajen ya saurare shi da ladabi, ya ce shi ma ya ga zagayen farko, amma doka ba tasa ba ce, yaron ya dawo baɗi. Zenon ya ce baɗi shekarunsa sun wuce. Sajen ya ce to, Allah ya ba shi wata hanyar, ya juya ga na bayansa.

Akwai famfo a jikin katangar barikin ta waje. A nan Damaso ya zaunar da ɗansa, ya kwance igiyar gaba ɗaya, ya zare takalmin a hankali. Safar ta manne, sai da ya jiƙa ta ya yanke da wuƙa. Faratan manyan yatsun biyu sun ɗaga, ƙananan sun saɓule, wuyan takalmin ya ci bayan dunduniya har nama. Ya riƙa zuba ruwa da tafin hannu. Zenon ya tafi neman abin sha.

"Tun shekaranjiya ka san haka zai yi?"

"Tun da aka sa mini, Baba."

"Me ya hana ka faɗa?"

Limber ya dubi ruwan da ke gangarawa cikin kwata. "A gaban wa zan faɗa?"

A hanyar dawowa Zenon ya yi ta neman dalili. Ya ce zafin kwari ne, ɗan tudu ba ya jure shi. Ya ce wataƙila abincin gidan abokinsa ne bai karɓi yaron ba. Da suka hau tudu ya ce shi fa tun a wurin ch'alla ya ga wasu idanu da bai yarda da su ba, akwai masu baƙin ciki a garin nan. Asunta, da ta ji labari, wannan na ƙarshen ta ɗauka, kuma har ta tsufa ba ta sake gaisawa da wata maƙwabciyarta ba. Ba wanda ya ambaci takalmin. Zenon ya yi kyauta da zuciya ɗaya, kuma ba a gaya wa mai kyauta cewa kyautarsa ce ta yi ɓarna. Shi da Damaso suka ci gaba da kiran juna kompadre, suna ɗaga wa juna hula a ƙofar coci. An wanke kambas ɗin an ba wani ɗan dangi mai siririyar ƙafa, ya yi shekaru yana zuwa biki da shi.

Da faratan Limber suka fito, ya tafi São Paulo. Damaso ya raka shi bakin hanya, ya riƙe masa jaka har mota ta zo. Bayan haka ya koma rumfarsa, ko da yake masu zuwa sun ragu, domin takalman roba masu arha sun cika kasuwa, kuma matasa sun fara jin kunyar taya. Tsofaffi ne kawai suka rage masa, su ma suna ta raguwa.

Wani lokaci ranar Lahadi, bayan an fito daga coci, akan aiko daga shagon da ke da waya a ce Limber yana kira. Damaso ya ɗingisa da sauri, Asunta na biye. Yaron yakan ce lafiya lau yake, aiki ne dai da yawa, daga fitowar rana har faɗuwarta yana kan keke, a ɗakin da suke ɗinki a nan suke ci a nan suke kwana. Wata rana ya ce ƙafafunsa suna kumbura saboda zama. Damaso ya tambaye shi ko yana ɗan samun fita ya yi gudu. Limber ya yi dariya, ya ce gudu zuwa ina, Baba? Damaso ya ce to. Sai ya miƙa wa Asunta kan wayar.